Shugabanci Da Halayen Shugaba Nagari: Darasi Daga Malfar Jaji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Bayan haka, darasinmu na wannan fitowa zai tsaya ne a kan shugabanci. Na san da jin wannan kalma wata za ta ce, "To ni ina ruwana? Ni ba gwamna ba, ba kansila ba, ko Amirar unguwa ban taɓa yi ba." Ki ɗan dakata 'yar'uwa, kada ki yi saurin wuce shafin. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) ya kamanta kowane ɗayanmu da makiyayi wanda za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, kuma bayan an ambaci sarki da maigida, sai aka ambaci mace a gidan mijinta. Ke nan an riga an naɗa ki tun ranar da aka kai ki ɗaki, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Ki ƙirga da kanki. Akwai 'ya'yan cikinki, akwai 'yar riƙo, akwai yarinyar da ke taya ki aiki, akwai almajirin da ke yi miki aike da ɗiban ruwa, akwai ƙannen miji da ke zaune a gidan. In ke uwargida ce, amarya tana kallon takunki. In ke uwar adashi ce, kuɗin mata ashirin ko talatin yana kwana a ɗakinki. In kina koyarwa a Islamiyya, ko kina riƙe da wani muƙami a ƙungiya, to kaya ya ƙaru. Duk waɗannan mutane ne da maganarki ke iya faranta musu ko ta hana su barci.

Mene ne shugabanci?

Ki dubi makiyayi da kyau, don ba banza aka zaɓi wannan misali ba. Shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya. Ya san wadda ke ɗingishi, ya san mai ciki, ya san wadda ba ta ci ba yau. Rana da ruwa a kansa suke ƙarewa. Sannan abu mafi girma, sau da yawa dabbobin ba nasa ba ne, da yamma mai su zai tsaya a bakin garke ya ƙirga. Wannan shi ne shugabanci a Musulunci: ɗaukar nauyin bayin Allah na ɗan wani lokaci, da sanin cewa Mai su zai ƙirga.

Shi ya sa magabata suke gudunsa. Abu Zarri (RA), duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, da ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wani aiki na mulki, sai aka nuna masa cewa yana da rauni a wannan fanni, kuma abin amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Haka aka gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura (RA) kada ya roƙi mulki, domin wanda ya roƙa akan bar shi da dabararsa, wanda kuwa aka ɗora masa ba da nemansa ba Allah kan taimake shi. To ki auna wannan da abin da kan faru idan zaɓen shugabannin ƙungiya ya ƙarato: a bi gida-gida da dare, a raba turmin atamfa, a ɓata sunan 'yar'uwa a wurin biki don kawai kada a zaɓe ta. Subhanallahi! Ana kokawa a kan abin da sahabbai suke kuka idan ya faɗo kansu.

Amma fa kada a fahimci cewa gudun nauyi kullum shi ne tsoron Allah. Annabi Yusufu (AS) da kansa ya gabatar da kansa don kula da rumbunan Masar, saboda ya san yunwa na tafe kuma babu wanda zai iya riƙe aikin kamarsa. Akwai mata masu ilimi da hankali da ke noƙewa a bayan aji, su bar ragama a hannun mai baki da kuɗi, daga baya su koma gefe suna ƙorafi. Wannan ma za a tambaye su.

Wani abin sha'awa, mace ce Alƙur'ani ya kawo ta tana fayyace sharuɗɗa biyu na wanda ya cancanci a ba shi aiki. A cikin Suratul Ƙasasi, ɗaya daga 'ya'yan dattijon Madyana ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da ƙarfinsa da amanarsa. Ƙarfi a nan ya haɗa da iya aikin. Sau nawa mukan zaɓi Hajiya wance don tana da kirki da yawan azumi, alhali ba ta iya tsawata wa kowa, ba ta iya lissafi? Sau nawa kuma mukan zaɓi mai kaifin baki da zafin nama, alhali kowa ya san hannunta ba ya riƙe amana? Idan ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya tsayawa shi kaɗai.

Nana Asma'u da matan karkara

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ɗauki mace ɗaya daga cikinmu, wadda ta yi aure, ta haihu, ta yi hidimar gida, kuma ta yi shugabancin da har yau ana cin moriyarsa.

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗegel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a kira ta Usaina kamar yadda aka saba, sai mahaifinta ya sa mata Asma'u. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta san gudun hijira, ta san yunwa, ta ga zawarawa da marayun yaƙi da idonta tun tana yarinya. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Ki lura da matsayinta: 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Da ta so, da ta zauna a cikin gida ana kawo mata gaisuwa har ta koma ga Allah, babu mai zarginta. Ko kuma ta tsaya ga koyar da matan manyan gidaje da ke kusa da ita, a ce malama ce, shi ke nan. Abin da ya ɗaga ta shi ne ta hango waɗanda ba sa iya zuwa gabanta.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san yadda ake alwala daidai ba, balle hukuncin haila da wanka da idda. Da yawa daga cikinsu an kamo su ne a yaƙi aka shigo da su gidajen Musulmi, kuma su ne ke renon 'ya'yan da za su tashi gobe. Idan ciwo ya kama yaro ko haihuwa ta yi gardama, wurin 'yan bori suka sani. Mahaifinta ya riga ya yi kakkausan suka, a littafinsa Nurul Albabi, ga malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita kuwa sai ta nemo hanyar da za a bi a aikace.

A shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari ko ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da mutunci, a naɗa ta Jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Jaji takan taho da ayarin mata a ƙafa har wurin Nana Asma'u, su zauna su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. A nan akwai hikimar da ya kamata kowace shugabar mata ta tsaya ta yi nazari. Waɗanda ke tafiyar su ne 'yan mata ƙanana da dattijan da suka gama haihuwa. Matan aure masu goyo da hidimar miji ba a ce su bar ɗakunansu su kama hanya ba, karatun ne ke zuwa ya same su a tsakar gida. Da haka ta kauce wa rigima da mazaje, ta kauce wa zargi, kuma ilimin ya isa inda ake so.

Ki kwatanta da Amirar da za ta sa taro ƙarfe 12 na rana, daidai lokacin ɗora tukunya da ɗauko yara daga makaranta, a unguwar da sai an hau mota biyu, sannan ta tashi tana faɗa wai mata ba sa son addini. Ita tana da direba da masu aiki, ta manta cewa sauran ba su da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shugabar da ba ta shiga ɗakunan mabiyanta ba, ba za ta taɓa sanin inda ruwa ke zuba ba.

Sai maganar harshe. Nana Asma'u tana iya rubuta Larabcin da malamai ke jinjina wa, amma ga matan karkara sai ta yi musu waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, masu sauƙin haddacewa, waɗanda mace za ta iya rerawa tana daka ko tana kaɗi. Har waƙa ta yi da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 don su zauna a kan wadda ba ta iya karatu ba. Wannan tawali'u ne na ilimi. Wasunmu kuwa idan suka samu lasifika sai su yi ta zuba Larabci da Turanci don a san sun yi makaranta, tsohuwa ta zauna awa biyu ta tashi ba ta ƙaru da komai ba sai ciwon baya.

Malfa da jan ƙyalle

Alamar naɗin Jaji ita ce malfa da aka naɗe da jan ƙyalle, Nana Asma'u ce ke ɗora mata da hannunta. Me ya sa malfa? A ƙasar Gobir, Inna, wadda take 'yar gidan sarauta ce kuma shugabar 'yan bori, da malfa aka san ta. Matan karkara sun saba idan suka ga mace da wannan alama su san mai iko ce, a saurare ta. Nana Asma'u ba ta tsaya zagin alamar ba. Ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai koyar da sallah da tsarki, sai girmamawar da ake yi wa waccan ta koma kan wannan. A ganina wannan yana daga cikin manyan darussan rayuwarta. Mutane ba sa sakin abin da suka saba da shi don an yi musu ihu, sai an ba su abin da ya fi shi, ta hanyar da suka gane.

Akwai kuma wani abu a cikin naɗin. Ta ba Jaji girma a bainar jama'a, ta sakar mata aiki. Ba ta ce dole kowace matsala sai an dawo gare ta ba, ai ba zai yiwu ba ma, tafiyar kwanaki ce. Jaji ce ke koyarwa a garinta, ita ke sasanta mata, ita ke jagorantar wankan gawar mace da duba marasa lafiya da sharar masallaci. Da ɗaya daga cikinsu mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya tana yabon hidimarta. Ki duba fa, 'yar Shehu guda ta zauna ta yi wa matar ƙauye marsiyya, kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello bayan rasuwarsa a 1837.

To ina shugabar da ita ce Amira, ita ce sakatariya, ita ce ma'aji, makullin ofis ma yana cikin jakarta? Idan ta yi tafiya Umara komai ya tsaya cak sai ta dawo. Idan aiki ya yi kyau ta ce "na yi", idan ya ɓaci ta ce "sun ɓata". Irin wannan takan ɗauka ƙwazo ne, alhali rashin yarda da mutane ne, wani lokaci kuma tsoron kada wata ta fito a san ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka abin yake a gida: uwar da ba ta barin 'yarta ta ɗora tukunya don kada ta ɓata miya, ita ce za ta kai ta gidan miji ba ta iya komai ba.

Kuɗin jama'a

Nan ne fa ake yin ta, don mafi yawan ƙungiyoyin mata da suka watse, idan kika bi diddigi, a kan kuɗi ne. 'Yan Taru sukan zo wa Nana Asma'u da sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Abin da ya shigo ta hannun jama'a ya koma ga jama'a.

Manzon Allah (SAW) ya taɓa aiken wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya yi magana mai zafi a kan haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, ai da an ga ko kyautar za ta biyo shi. Wannan ma'auni ne mai sauƙi da za ki riƙa gwada kanki da shi: da ba ni ce Amira ba, da wannan leshi zai zo? Da ba ni ke rabon kayan marayu ba, da wannan mata za ta aiko mini da kaji? Shehu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya yi yaƙi da su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ɗan siyasa ya ba ki kujerar Makka ke kaɗai a matsayinki na shugaba, ki sani ranar zaɓe zai aiko a tara masa mata, kuma bakinki ya riga ya mutu.

Shawarata a nan a fili take. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusunki na kanki, ko da na dare ɗaya ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, a sa hannun mutum biyu ko uku. Duk abin da aka saya a karɓo rasit. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, ko ba a tambaya ba. In wata ta tambaya kuma kada ki ɗaure fuska ki ce ana zarginki, haƙƙinta ne. Uwar adashi ma haka: ki sami littafi ki rubuta zubi da kwasa, kuma kada ki taɓa kuɗin da niyyar za ki mayar kafin ranar kwasa. Da wannan "zan mayar" ɗin aka kunyata mata masu mutunci da yawa, wasu har aurensu ya girgiza, don a ƙarshe miji ake zuwa wa da ƙara.

Faɗin gaskiya ga na gida

Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin dukiyar talakawa. Ki tuna su wane ne masu mulkin a lokacin: 'yan'uwanta ne da surukanta da almajiran gidansu. Mayar da ita Hausa yana nufin talaka ma zai ji, ya san abin da aka haramta wa sarki a kansa. Baffanta Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya ga wasu sun fara karkata ga duniya, a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Gidan ba su san rufa wa nasu asiri a kan haƙƙin jama'a ba.

Asalin wannan yana wurin Manzon Allah (SAW). Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum, babban gida a Ƙuraishawa, ta yi sata, aka tura Usamatu ɗan Zaidu (RA) ya nema mata sassauci saboda kusancinsa. Annabi (SAW) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale mai girma da hukunta mai rauni, har ya kawo misali da 'yarsa Faɗimatu (RA).

Yanzu ki shigo da wannan tsakar gidanki. Ɗanki da ɗan kishiya sun yi faɗa, wa kike fara tambaya? 'Yarki da 'yar riƙo sun fasa kwano tare, wa ke shan duka? Wa ke tashi da asuba ta share gida, wa ake bari ta yi barci don tana da makaranta, ita kuma ɗayar ba a ma sa ta ba? Yara suna gani, kuma ba sa mantawa. Yarinyar aikin nan da aka kawo miki daga ƙauye, iyayenta sun ba ki ne bisa amana, ranar ƙirga tana cikin garkenki daidai da 'yar da kika haifa. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar (RA) ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, don ya ƙi cin abin da talakawansa ba su samu ba. Mu ba a ce mu kai nan ba. Amma a ce naman miya ya ƙare a kwanon 'ya'yanki, ita a ba ta ƙanzo, wannan kam ba sai an tambayi malam ba.

Shawara da sanyin hali

A shekara ta 6 bayan hijira, da aka ƙulla sulhun Hudaibiyya, sahabbai sun shiga baƙin ciki saboda an hana su shiga Makka. Annabi (SAW) ya umarce su su yanka hadayarsu su yi aski, har sau uku, babu wanda ya motsa. Ya shiga wurin matarsa Ummu Salama (RA) ya gaya mata. Ta ba shi shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Yana yin haka sai kowa ya tashi yana rige-rige. Darasi biyu ne a nan. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya saurari shawarar matarsa, to wace ce ke da za ki ce kin fi ƙarfin shawara? Na biyu, abin da umarni uku bai yi ba, aiki ɗaya a gaban ido ya yi shi. In kina son mata su zo taro a kan lokaci, su tarar da ke a can. In kina son yara su tashi sallar asuba, su ji motsin butarki.

Shawara kuma ba ita ce ki gama yanke hukunci da aminanki biyu a ɗaki, sannan ki zo taro ki ce "ko akwai mai magana?" ba. Mata sun san wannan salon, shi ya sa suke shiru, su fita su yi maganar a hanya. Ki tambayi wadda ba ta cika magana ba. Ki tambayi wadda kika san ba ta ra'ayinki. Idan an rinjaye ki a kan abin da ba saɓon Allah ba ne, ki bi, ki kuma yi aikin da zuciya ɗaya.

Sai haƙuri, wanda ba sai na tsawaita ba don Hausawa sun gama magana da suka ce babba juji ne. Za a zage ki, za a ce kin ci kuɗi ko ba ki ci ba, wadda kika fi taimako ita za ta fi ciwo. Abin da ba a yarda ba shi ne ki rama da kujerarki, ki cire sunan mace daga rabon tallafi don ta taɓa musa miki. Kuma sirrin da aka kawo miki na aure ko na rashin lafiya, a cikinki zai mutu, ko maigida ba shi da haƙƙin ji.

Game da maigida kuwa, kafin ki karɓi kowane muƙami ki zauna da shi ku yi magana ta gaskiya: sau nawa za a riƙa fita, akwai tafiye-tafiye ko babu, wa zai kula da yara. Kiwon farko da aka ba ki shi ne na gida, kuma babu daɗi a ce Amira tana gyaran auren mutane nata yana rushewa.

Wa zai karɓa bayanki?

Da Nana Asma'u ta rasu a 1864, 'Yan Taru ba su watse ba. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar ayarin mata, bayanta wasu suka ɗora. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, amma Jajoji suka ci gaba da zuwa, har ma a wannan zamani an sami Musulmi a Amurka da suka kafa ƙungiyar karatun mata da wannan suna. Dalili shi ne ta rubuta karatun, ta horar da mutane, ta kuma bar su sun yi aikin tun tana raye tana gyara musu.

Saboda haka idan tsarin ƙungiyarku ya ce shekara 2 ko 4, ranar da wa'adi ya cika ki sauka, ko da ana roƙonki ki zarce. Tun shekarar farko ki jawo mataimakiyarki da ƙananan mata masu tasowa, ki tura su wakilci, ki bar su su jagoranci zama kina zaune. Ranar miƙa ragama ki kawo littafin kuɗi da takardun asusu da na fili in akwai, da jerin basussukan da ake bin ku da waɗanda kuke bi, ki miƙa a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Bayan nan ki koma cikin sahu ki zauna, sabuwar Amira in ta nemi shawararki ki ba ta a keɓe.